Ranar da Na Zauna a Kujerar Ubanta

A garinmu, can ƙasar Zazzau, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya yabonsa a gaban mutane, in kuma magana mai nauyi ta taso a kansa, gefe uban yake komawa, baffa ya shigo gaba. Kakanninmu sun karɓi bishara, sun bar tsafi, sun gina majami'a da hannunsu, amma wannan kunyar ba su bar ta ba, ba kuma wanda ya ce su bari. Da ita aka raine ni, da ita na zo Doha, inda nake shugabantar masu gadin wani rukunin gidaje a unguwar Nu'aija. A ƙaramar zumuntarmu ta masu jin Hausa kuma ni ne dattijo. Zan faɗi abin yadda ya zo, ɗaya bayan ɗaya, don ban iya ba da labari ta wata hanya ba.

Akwai wani ɗan garinmu da ke tuƙa motar 'yan makaranta a garin Al Wakrah, kudu da Doha. Na girme shi, Yaya yake ce mini. Mahaifinsa da nawa tare suka yi noma, gidajenmu katanga ɗaya ce ta raba, saboda haka 'ya'yansa nawa ne, ni baffansu ne ko da ba jini ɗaya ba. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce. Ta sami aiki a Turai, ta tafi da yaran tun suna ƙanana, shi kuwa takardunsa ba su yi ba, sai ya tsaya a nan yana tuƙi, suna ganin juna a waya. Babbarsu mace ce, ta kusa gama sakandare.

Wata Juma'a bayan sujada, don a nan Juma'a ce ranar hutu, ran nan muke zuwa majami'a, ya jira har mutane suka watse. Muna tsaye a inuwar motarsa, zafi yana tasowa daga kwalta.

"Yaya, akwai magana."

"Ina jin ka."

"Yarinyar nan ce ta wajen uwarta."

'Ya'yansa uku ne, biyu mata, amma da ya ce yarinyar nan bai kama suna ba, na san ta fari yake nufi.

"Ciki ta yi?" Abin da ya fara zo mini ke nan.

Ya girgiza kai, ya ce da ma shi ne, da ya san inda zai kama. Sannan ya faɗa mini yana kallon tayar mota. Yarinyar ta aske kanta. Ta ce ita ba mace ba ce, namiji ce, tun tana ƙarama take jin haka. A makaranta da sunan maza ake kiranta. Ta nemi a kai ta asibiti a ba ta maganin da zai juya mata jiki. Yanzu wata likita ta sa rana, tana son ta yi magana da uwa da uba tare, ta wayar bidiyo. Yarinyar kuma ta ce wa uwarta, in Baba bai zo ya saurara ba, ba za ta ƙara ɗaukar wayarsa ba.

"Ka san ba zan iya ba, Yaya," ya ce. "Kai ne baffanta."

Ban yi wani tunani ba, na amsa masa. Haka tsari yake. Da ya ce zai yi da kansa ma, da na ga rashin ta-ido.

Abin da na gaskata a kan wannan ban ɓoye shi ba, har yau kuma ban sauya ba. Allah ne ya yi namiji ya yi mace, jikin da ya ba mutum ba kuskure ba ne. Amma na san likita zan fuskanta, likita kuwa tana da irin hujjar da take ji, ni kuma karatuna a sakandare ya tsaya, Turancina na bakin ƙofa ne, na tambayar baƙo inda za shi. Saboda haka na ce zan kai maganar zumuntar maza mu tattara abin da aka sani. Na gayyaci wata 'yar'uwa da ke aikin jinya a wani asibiti a nan, ko da yake zaman na maza ne.

A ɗakina muka taru, a wani tsohon gida mai tsakar gida a unguwar Al Asmakh. Abokin zamana, wani Alhaji daga Zangon Kumasi, ya tafi masallaci, daga can kuma wajen 'yan'uwansa yake wucewa sai yamma. Na rufe ƙofa, na ƙara ƙarfin na'urar sanyi don ta rufe muryoyinmu. Irin wannan magana a ƙasar nan ba ta bakin titi ba ce, ba kuma wanda yake son ta kai kunnen kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama. Na gabatar da maganar yarinyar da cewa 'yar wani bawan Allah ce. Direban yana zaune a ƙasa kusa da ƙofa, kansa a sunkuye. Kowa ya gane, ba kuma wanda ya nuna ya gane, don haka ladabi yake. Sai dai da yake kowa ya yi kamar bai sani ba, sai aka yi ta magana a kanta kamar ba ta da uba a ɗakin.

Na tsara zaman: addu'a da farko, sannan abin da likitoci suka sani, sannan abin da za a faɗa. Addu'ar ce kaɗai ta bi tsari. Muna cewa amin, wani matashi mai digiri da ke gadi a babban kanti ya ɗaga wayarsa.

"Dattijo, ba sai an wahala ba. Ga shi nan, likitoci sun gama tabbatarwa. Duk wanda aka yi wa sai ya yi nadama. Duka! Kuɗi kawai suke ci da yaran mutane."

'Yar'uwar ta leƙa wayar. "Wane likita? Wannan mai ihu a cikin mota?"

"Likita ne mana. Ba ki ga rigarsa ba?"

"Ɗan'uwa, mai yankan nama a kantin unguwarmu ma farar riga yake sawa."

Aka yi dariya. Wani tsoho mai gyaran wuta ya ce shi bai ga abin kai wa likita ba, aljani ne, a dawo da ita gida a hau dutsen addu'a a yi azumi. Wani ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa a can. "A ɗora mata tulu ta je rafi ta dawo, za ta tuna ko ita wace ce." Aka ƙara dariya. Na dubi direban. Shi ma ya yi murmushi, irin wanda mutum yake yi don kada a ce ya ji haushi, yana murza gefen tabarma da yatsa. Ni ne mai riƙe da zaman. Tsawatawar da na yi ita ce a yi magana ɗaya bayan ɗaya.

Da aka ba 'yar'uwar dama, ta ce ita ba fanninta ba ne, amma za ta faɗi iyakar abin da ta sani. Ta ce akwai maganin da ke dakatar da balaga, akwai wanda ke sa murya ta buɗe gemu ya fito, tiyata kuma wani abu ne daban, can gaba. Ta ce likitocin kansu ba bakinsu ɗaya ba. Wasu suna cewa maganin yana rage wa yaran ƙunci, sun gani da idonsu. Wasu suna cewa binciken da aka yi bai kai a dogara da shi ba, ba a bi yaran an ga yadda suka ƙare bayan sun girma ba, ba a kuma gama sanin abin da yake yi wa ƙashi da haihuwa ba. Ta ce akwai ƙasashen da suke bayarwa a da, yanzu sun ja baya, akwai waɗanda suke ci gaba. Wasu yaran suna nadama, wasu ba sa yi, wanda duk ya ce duka, ko ta wannan gefe ko ta wancan, ya faɗi abin da bai sani ba.

"To ke goyon baya kike yi ke nan," in ji mai digiri.

"Yaushe na ce? Majami'a ɗaya muke zuwa da kai. Abin da na gaskata daban, abin da aka auna daban. Allah bai ce mu ƙara wa magana gishiri don mu taimake shi ba."

"Kin zauna da Turawa a asibiti, sun shafa miki."

"Indiyawa ne da 'yan Filifin, in shafawar ce sai dai ta barkono." Sannan ta daina wasa. Ta ce abu ɗaya dai ba a gardama a kansa, yaran nan suna shan wahala ta gaske, wasu har suna yi wa kansu lahani, ba abin dariya ba ne. A nan direban ya ɗaga kai, karo na farko tun da aka zauna. Ya buɗe baki, ya dube ni, ya rufe. Na gani, amma lokacin shan shayi ya yi, sai na rufe da addu'a.

Daga wannan zama na fitar da tambayoyi uku. Me maganin yake yi wa jikin yarinya. In an fara, ana iya komawa. Wa ya bi waɗanda aka yi wa har suka manyanta. Bayan su kuma na shirya abin da zan faɗa a kan halitta da nufin Allah. Duk makon na yi ta maimaita su da Turanci a ɗakin gadi, ina ɗaga wa motoci sanda ina motsa baki, har wani yarona ɗan Nepal ya tambaye ni ko jarrabawa zan rubuta. A raina na riga na ga yadda za a yi. Likita za ta ce a ba da magani, ni zan ce a'a, in kawo hujja, ta rasa amsa.

Ranar ta faɗo Juma'a da rana, mu muna hutu, su suna aiki. Na sa kaftani fari da hula. Alhaji ya dube ni daga kan gadonsa.

"Dattijo, yau ɗaurin aure ne ba a gaya mini ba? Ko amarya za a kawo mana ɗaki?"

"Maganar gida ce, Alhaji."

"To, Allah ya daidaita. Yalla, na bar muku fili." Ya jawo mini kujerarsa ta roba, ita kaɗai ce a ɗakin, ya ɗauki carbinsa ya fita.

Na jingina wayar da fulas ɗin shayi a kan tebur, na ajiye kujerar a gabanta, na zauna. Direban ya zauna a bakin gado, ya juya gefe yana fuskantar bango, inda wayar ba ta kama komai nasa sai kafaɗa. Ban ga aibin haka ba. A garinmu wannan zama shi ne girmamawa mafi girma da uba zai yi wa 'yarsa ta fari. Yana nufin ta fi ƙarfin bakinsa, yana nufin ya nemo mata babba. Duk wanda ya tashi a can zai karanta haka ba sai an gaya masa ba. Ban tsaya na tuna cewa ita ba can ta tashi ba.

Wayar ta buɗe. Ga uwar, idanunta a kumbure. Ga likitar, mace mai furfura da tabarau. A tsakiyarsu ga yarinyar cikin wata babbar riga mai hula, kai a aske, fuskar ubanta sak, har yadda yake tattara gira. Rabona da ita tun ana goya ta. Na fara gaisuwa yadda ya kamata: uwar, aiki, sanyi, ƙannen, sannan likita. Yarinyar ba ta gaishe ni ba. Idonta yana yawo a bayana.

"Ina Baba?" ta ce da Turanci.

"Yana nan," na ce.

Ta juya ga uwarta. "Wane ne wannan?"

"Baffanki ne. Ki gaishe shi mana."

Likitar ta tambaya cikin ladabi ko uban zai matso. Na ce yana ji, ni ne zan yi magana a madadinsa. Ta dubi yarinyar, sannan ta ce to.

Na jero tambayoyina, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta amsa a hankali, inda ban gane ba uwar ta juya mini da Hausa. Ta faɗi abin da maganin yake yi. Ta ce wani abin yana komawa in an daina, wani ba ya komawa, wani kuma ba a tabbatar ba tukuna. A kan ta uku ta ce tambaya ce mai kyau, abokan aikinta ma ita suke yi wa juna, kuma amsar da ake da ita ba ta wadatar ba. Ta ce akwai likitocin da za su gaya mini maganin ya taimaki yaran da suka gani, ita ma ta ga wasu, amma ba za ta ce mini an gama sani ba. Duk lokacin da ta ambaci yarinyar da sunan maza take kiranta, ina jin abin kamar tsinke, amma ban sami inda zan kama ta da ƙarya ba. Kusan abin da 'yar'uwarmu ta faɗa a wannan ɗakin shi ta maimaita.

Sannan ta ce ba wanda zai ba da magani yau, ba kuma nan kusa ba. Ba don haka ta kira ba. Ta kira ne don yaron da ke gabanta, haka ta ce, ba ya barci, ya daina cin abinci tare da 'yan gida, kuma ya sa a ransa cewa ubansa ƙyamarsa yake yi. Ta ce abin da take so ta ji daga uban ke nan.

Ban shirya wa wannan ba. Na zo da gardama, ba a ba ni abokin gardama ba. Da yake kuma abu na gaba a tsarina shi ne maganar halitta, sai na shiga ita. Na ce Allah ba ya kuskure. Na ce jiki amana ne. Ina cikin yi, da Turancina na bakin ƙofa, yarinyar ta matso har fuskarta ta cika wayar. Ta yi magana da Hausa, irin ta wanda ya bar gida da wuri, kalmomin suna fitowa a karye.

"Baba. Baba, ka zo. Ina ganin kafaɗa naka."

Gadon ya yi ƙara. Direban ya motsa, amma bai tashi ba, ƙasa ya ƙara kallo. Na san abin da ke riƙe da shi, ni ne. Ba zai iya zuwa ya tsaya a gaban 'yarsa ta fari yayansa yana zaune ba. Kujera ɗaya ce a ɗakin, ina kanta. Abin da na ce shi ne, "Yi haƙuri, 'yata. Babanki yana jin ki. Da ni za ki yi magana."

Ta dube ni. Ba tsiwa a idon, ba kuka. Ta juya ga likitar ta ce da Turanci, wannan kam na ji shi sarai, "Kin gani? Ko kallona ba ya iya yi. Baƙo ya ɗauko." Ta tashi. Muka ji ƙarar ƙofa daga can.

Uwar ta fashe. "Haba Yaya! Haba baban yara! Nan ba gida ba ne! Wata nawa ina lallashinta ta yarda da zaman nan?" Likitar ta tambaya ko akwai dalilin da ya hana uban matsowa. Uwar ta share hawaye ta fara yi mata bayanin al'adarmu, amma wadda ya kamata ta ji bayanin ta riga ta fita. Aka yi sallama a gurguje, wayar ta yi baƙi, na ga fuskata a ciki da hula.

 Na'urar sanyi tana ta ƙugi. Can direban ya miƙe, ya sa takalmi, ya ɗan rusuna.

"Na gode, Yaya. Ka yi ƙoƙari."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na raka shi bakin titi, ya hau motar haya zuwa Al Wakrah. Da Alhaji ya dawo ya ga kaftanin a ninke a kan gado, ya dubi fuskata, bai yi tsokanar da ya saba ba. Ya zuba shayi ya miƙo mini, ya kunna rediyonsa ƙasa-ƙasa.

Yarinyar ta cika alkawarinta. Uban ya kira ba ta ɗauka ba, ya aika saƙon murya ba ta buɗe ba. Kullum da asuba yana ɗaukar 'ya'yan wasu, cikinsu har da sa'o'inta, suna gaishe shi suna shiga mota, ya sauke su ya dawo ya duba waya. Ya rame har wuyan rigarsa ta aiki ya yi masa yawa. A majami'a ya koma zama a baya, yana fita kafin a gama waƙar ƙarshe. Bai taɓa cewa laifina ne ba. Yana gaishe ni yadda ya saba, ni ne na kasa haɗa ido da shi.

Mai digiri ya tare ni wata Juma'a yana murmushi. "Dattijo, yaya aka ƙare da likitar? Ka kayar da ita?"

"Ba a yi kokawa ba," na ce.

Ya ci gaba da turo bidiyoyi a zauren wayarmu na zumunta, kowanne da wani mai ihu. Na rubuta cewa daga yau wanda bai san tushen abu ba kada ya turo. Ya ji haushi ya ce dattijo ya fara sanyi. Ban fara sanyi ba. In aka tambaye ni yau ko a ba yarinya maganin da likitoci ba su daidaita a kansa ba, wanda wani abin nasa ba ya komawa, zan ce a'a, zan kuma faɗi dalilina na bangaskiya ba tare da na ɓoye shi a bayan farar rigar wani ba. Amma mun zauna yini guda, mu maza masu riƙe da Maganar Allah, muna yanke hukunci a kan allurar da ba wanda ya ɗauko, muna dariyar tulu da rafi a gaban uban, ba wanda ya ce yaya take, ni ma ban ce ba. Matar da na ɗauka abokiyar gaba ita ce ta tambayi abin da ya kamata ikilisiya ta tambaya. Wannan yana dawo mini a ɗakin gadi in rana ta take, lokacin da motoci suka ɗauke, ba abin yi sai zama.

Uwar ba ta gaji ba. Ita da likitar suka yi ta bi, har zafi ya fara sauka, aka fara zama a waje da yamma. Sannan yarinyar ta ce za ta ɗauka, bisa sharaɗi: ubanta shi kaɗai, fuskarsa a waya, ba baffa. Uwar ce ta gaya mini da bakinta, ba ta kuma sassauta kalmar ba.

Masaukinsa a Al Wakrah gadaje ne masu hawa, maza cike, ba inda mutum zai yi irin wannan magana. Saboda haka ranar Juma'a bayan sujada na ji an ƙwanƙwasa. Yana tsaye a bakin ƙofa da wayarsa a hannu, ya yi aski, ya sa rigar da yake zuwa majami'a da ita. Ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ya tambayi Alhaji, ya tambayi aiki. Yadda zai ce wa yayansa ya fita daga ɗakinsa ne ya gagare shi.

"Yaya, ita yarinyar, wato ta ce..."

"Na sani. Shigo."

Na jingina masa wayar da fulas, na gyara kujerar, na kama kafaɗarsa na zaunar da shi. Na duba na tabbata fuskarsa ta fito duka. 

"Me zan ce mata?"

"Ban sani ba."

"In ta tambaye ni ko na yarda fa?"

"Kada ka yi mata ƙarya. Kada kuma ka juya gefe."

Na ɗauki hulata na sauka. A ƙarshen layinmu akwai wani Ba'indiye mai sayar da shayin karak, na zauna a bencinsa. Na sha kofi ɗaya, na ƙara wani, ina kallon masu tura kaya a baro suna shiga kantuna suna fita. Na yi ƙoƙarin yin addu'a, na rasa ta inda zan fara, sai na yi ta kiran sunan Ubangiji kawai. Inuwar ginin da ke gabana ta tsallako titi ta iso ƙafata kafin na hango shi yana tahowa. Idanunsa jajir. Ya zauna a ɗaya gefen bencin, na sa aka kawo masa shayi.

"Ta ɗauka?"

"Ta ɗauka."

"To?"

"Ba mu daidaita ba, Yaya. Ta ce in kira ta da sunan nan, na ce ba zan iya ba. Ta yi kuka, ni ma na yi." Ya juya kofin a hannunsa. "Amma ba ta kashe ba. Ta nuna mini zanen da take yi. Ashe ta iya zane. Ta ce Juma'a mai zuwa, in ina so."

Ban tambaye shi ko ta ambace ni ba. Na ciro makullaina, na zare na ɗakin daga zobe, na ajiye a kan benci kusa da kofinsa. Na ce Alhaji yana da nasa, zan riƙa jiransa mu shiga tare, ranar Juma'a kuma daga majami'a zan wuce wani wuri sai yamma. Ya ɗauka da hannu biyu ya sa a aljihun gaba, ya danna maɓallin aljihun ya rufe.